Ba ni da ranar da zan nuna, ba a sake haihuwata ba ke nan?

Mai_neman_sani:
Salama a gare ku 'yan'uwa. Dan Allah ina da tambaya da ta hana ni barci kwana biyu, kuma ba don gardama na kawo ta ba. Ni dai a gidan masu bi aka haife ni, tun ban san dama da hagu ba ake kai ni makarantar Lahadi, na shiga ajin baftisma aka yi min baftisma ina da shekara 15, ina karanta Littafi Mai Tsarki ina addu'a, kuma har cikin raina na gaskata Yesu ya mutu saboda zunubaina ya kuma tashi. To satin da ya wuce a wani taron falkaswa mai wa'azin ya ce duk wanda ba zai iya faɗin rana da wata da shekarar da aka sake haihuwarsa ba to ruɗin kansa yake yi, coci kawai yake zuwa. Na zauna na yi ta lissafi ban samo ranar ba. Ban taɓa yin wani kuka na musamman ba, ba ni da labarin da zan ce ga munanan abubuwan da nake yi a da ga yadda na koma yanzu. Shi ne nake tambaya wai mene ne ainihin sabuwar haihuwar nan? Abu ne da ake ji a jiki? Baftisma ce? Ko addu'ar nan da ake maimaitawa in an fita gaban bagade?

Habila77:
Yar'uwa kiyi hakuri amma mai wa'azin nan baiyi karya ba. Ni na san nawa, daren Juma'a ne shekara 11 kenan, na shiga taron a buge na fito wani mutum daban, kwalbar da na kasa bari shekara da shekaru tun daga daren ban sake tabawa ba. Abu irin wannan bazai sameka ka kasa sani ba. Zama a coci baya mai da mutum mai bi

Mama_Rifkatu:
'Yata kwantar da hankalinki. Habila mun gode wa Allah da abin da ya yi maka, amma kar ka ɗauki ƙofar da ka shigo ta ita ka ce ita kaɗai ce ƙofa. Ni aikin karɓar haihuwa na yi har na tsufa a kai, kuma ban taɓa ganin jaririn da ya tuna ranar da ya faɗo duniya ba. Idan muka karɓi yaro ba ma tambayarsa ƙarfe nawa ne, numfashi muke dubawa, mu ga ya yi kuka ya nemi nono. Kuma abin da nake so ki lura da shi, shi jaririn ba shi ya yi naƙudar ba, wata ce ta sha wahala ta zubar da jini shi kuma ya samu rai. Tun da na gane wannan nake karanta Yahaya 1:13 da wata fahimta daban, inda ya ce ba da nufin jiki ko nufin mutum aka haife su ba, daga Allah ne.

Habila77:
Mama na yarda ban tuna ranar da aka haifeni ba, amma ai ranar tana nan. Akwai lokacin da babu ni sannan aka wayi gari gani

Ɗalibin_tauhidi:
Habila yana da gaskiya ta wannan gefen, domin Afisawa 2 matattu ta kira mu sannan ta ce Allah ya rayar da mu, babu wani mai rabin rai a tsakani. Amma samuwar ranar daban, sanin ranar daban, kuma babu ayar da ta ce sai ka san ranar.

Bari mu koma inda maganar ta fito, Yahaya sura 3. Nikodimu, wanda ya zo wurin Yesu da dare Yesu ya ce masa sai an sake haifar mutum kafin ya ga Mulkin Allah, ba mashayi ba ne ba ɓarawo ba ne, Bafarisiye ne, ɗan majalisar Yahudawa, Yesu da bakinsa ya kira shi malamin Isra'ila a aya ta 10. Wato mutumin da ya fi kowa kiyaye addini shi aka fara gaya wa wannan maganar. Kalmar da aka rubuta da Helenanci a aya ta 3 ita ce anoten, kuma fuska biyu gare ta, tana nufin kuma ko sake, tana kuma nufin daga sama. Nikodimu ya kama ta farko shi ya sa ya ce yaya tsoho zai koma cikin uwarsa. Amma in ka bi Yahaya a sauran wuraren da ya yi amfani da kalmar, daga sama yake nufi: 3:31 wanda ya zo daga sama, 19:11 inda Yesu ya ce wa Bilatus ba shi da iko sai wanda aka ba shi daga sama, har da rigar Yesu a 19:23 da aka saƙa daga sama har ƙasa. Saboda haka nauyin maganar ba a kan karo na biyu kawai yake ba, a kan inda ran ya fito ne. Tsofaffinmu da suke cewa maya haihuwa da masu cewa haihuwa daga bisa duk abu ɗaya suke nunawa ta gefe biyu.

Wani abu kuma, a aya ta 7 Yesu ya ce kar ka yi mamaki don na ce maka dole a sake haifarku. Ya fara da ka ya ƙare da ku. Ba Nikodimu kaɗai ba, kowa da kowa ne.

Ladi_kwaya:
Kai wannan ka da ku din ban taba lura dashi ba. Nagode malam

Katikis_Luka:
Na ji daɗin bayanin Ɗalibi amma ya tsaya a aya ta 3 ya tsallake ta 5, wadda ita ce ta fassara ta 3 ɗin: sai an haifi mutum ta ruwa da Ruhu. Mu a Katolika, haka ma 'yan Otodoks, abin da aka koya tun farko shi ne wannan baftisma ce. Ba sabon ra'ayi ba ne. Yustin Shahidi da ya rubuta wa sarkin Roma bayanin addininmu wajen shekara ta 150 ya kwatanta yadda ake kai sababbin masu bi inda akwai ruwa a sake haihuwarsu, kuma maganar nan ta Yesu ya kawo a matsayin dalili. Titus 3:5 ma wankan sabuwar haihuwa ya ambata tare da sabuntawar Ruhu Mai Tsarki. Romawa 6 ta ce an binne mu tare da shi ta baftisma don mu yi tafiya cikin sabon rai. To 'yar'uwa mai tambaya, a namu fahimtar kina da rana, ranar da aka yi miki baftisma da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ko kin ji wani abu ko ba ki ji ba, domin aikin na Allah ne ba na jin jikinki ba.

Mai_bishara_Dauda:
Katikis da girmamawa, to ɓarawon da ke kan gicciye fa? Luka 23:43, Yesu ya ce masa yau za ka kasance tare da ni a Firdausi, wa ya sauko da shi ya kai shi ruwa? Karniliyus da mutanen gidansa a Ayyukan Manzanni 10 Ruhu ya sauko musu Bitrus yana cikin magana, daga baya ne aka kawo zancen ruwa. Ga kuma Siman mai sihiri a sura 8, an yi masa baftisma sarai amma Bitrus ya ce masa zuciyarsa ba daidai take a gaban Allah ba. Mutum na iya shiga ruwa da busasshiyar zuciya ya fito da ita a jiƙe kawai. Ni na ga mutane da yawa da ke riƙe da katin baftisma kamar shi ne tikitin sama, kuma wannan yana ba ni tsoro ƙwarai.

Katikis_Luka:
Ɗan'uwa Dauda ba mu ce ruwa yana ɗaure hannun Allah ba. Koyarwarmu ta ce Allah ya haɗa ceto da baftisma amma shi kansa ba a ɗaure yake da ita ba, shi ya sa muke maganar baftismar jini ga waɗanda aka kashe saboda bangaskiya kafin a yi musu, da baftismar marmari ga wanda ya so ya mutu bai samu ba. Zancen mai riƙe da kati yana zaman banza kuwa ni ma ina faɗa da shi kullum a aji. An haifi yaro ba shi ne ya girma ba, yana iya ƙin abinci ya rame har ya mutu.

Mama_Rifkatu:
Ni fa da can na ɗauka ruwan da ake nufi shi ne ruwan faya, wanda ke fashewa kafin yaro ya fito, tunda aya ta 6 ta ce abin da jiki ya haifa jiki ne. Ɗalibi me ka gani?

Ɗalibin_tauhidi:
Mama akwai masu wannan fahimtar kuma ba wauta ba ce. Amma ni abin da ya fi kama hankalina shi ne Yesu ya yi mamakin yadda malamin Isra'ila bai san wannan ba, ke nan abu ne da yake cikin littattafan da Nikodimu ya riga ya sani. Ku buɗe Ezekiyel 36:25 zuwa 27. Allah ya ce zai yayyafa musu ruwa mai tsabta su tsarkaka, ya ba su sabuwar zuciya, ya cire zuciyar dutse ya sa ta nama, ya sa Ruhunsa a cikinsu ya sa su bi dokokinsa. Ga ruwa ga Ruhu a wuri ɗaya. Sai sura 37 ta biyo baya da kwarin busassun ƙasusuwa inda iska ta shiga gawawwaki suka miƙe tsaye. A Ibrananci da Helenanci duka kalma ɗaya ce ake amfani da ita ga iska da ruhu, shi ya sa Yesu ya ce iska na busawa inda ta ga dama, kana jin motsinta amma ba ka san inda ta fito da inda za ta ba. Ku lura da wanda yake cewa zan yi, zan yi, zan yi a Ezekiyel. Wannan bai rushe maganar Katikis ba, mai yiwuwa shi zai ce a baftisma ne alkawarin yake cika, Dauda kuma ya ce baftisma shaidar cikarsa ce. Nan ne aka rabu tun ƙarni na 16, musamman daga 1525 da wasu a birnin Zurik suka fara yi wa manya baftisma suna cewa ta jarirai ba ta isa ba.

Baƙo_ne_ni:
Ku gafarce ni, ni ba Kirista ba ne, karatu nake bi ina ƙaruwa. Tambayata biyu. Wannan sake haihuwar tana da alaƙa da abin da wasu addinai ke cewa mutum na mutuwa ya dawo a wani jikin? Na biyu, mene ne bambancinta da tuba? Domin tuba kam kowa ya san ta, mutum ya yi nadama ya bar laifi ya koma ga Allah.

Mai_bishara_Dauda:
Maraba da kai ɗan'uwa, tambayoyinka masu kyau ne. Ta farko a'a sam, Ibraniyawa 9:27 ta ce sau ɗaya aka ƙaddara wa mutum ya mutu bayan haka sai shari'a. Wannan haihuwar tana faruwa ne kana raye da jikinka da sunanka. Ta biyu, tuba tana ciki amma ita abin da mutum yake yi ne, ya juyo. Sabuwar haihuwa abin da ake yi wa mutum ne. A koyarwarmu matsalar ɗan Adam ba ayyukansa kawai ba ne, tushen da ayyukan ke fitowa ne ya lalace, shi ya sa za ka ga mutum ya yi nadama da hawaye na gaskiya bayan sati ya koma. In ka sassabe ciyawa ka bar saiwa ruwan sama ɗaya ya isa ta dawo. Mu mun gaskata Allah yana ba da sabon rai saboda mutuwar Yesu da tashinsa, 1 Bitrus 1:3 ta ɗaura abin kai tsaye da tashinsa daga matattu.

Baƙo_ne_ni:
Na gane bambancin yanzu ko da yake ba haka muka yarda game da halin ɗan Adam ba. Na gode da amsa cikin mutunci.

Asabe_M:
Ni ku bar ni in faɗi abin da ke cina. Wanda ya cuce ni cuta mafi zafi a rayuwata mutum ne da bakinsa ba ya rabuwa da ni bon agen ne, wato an sake haihuwata, ya san ranarsa ya san awarsa yana ba da shaida mutane na kuka, na amince masa na ba shi amanar abin da na daɗe ina tarawa ya cinye, har yau in mun haɗu sai ya ce Allah ya riga ya gafarta masa. Na yi kusan shekara biyu ba na iya jin kalmar nan ba tare da raina ya ɓaci ba. To in sanin rana ne shaida, shi ya fi mai tambaya, amma ni na san wanda zan ba ajiyata a cikinsu.

Ladi_kwaya:
Sannu Asabe, Allah ya warkar miki da zuciya. Ai 1 Yahaya 3:9 cewa tayi wanda Allah ya haifa baya yin zunubi, to irin wadannan ba'a haifesu ba kenan

Habila77:
Ladi a hankali, in haka ne nima na fadi. Giya ta barni dare daya amma fushi har yau ina kokawa dashi, jiya ma saida na nemi gafarar matata. Kuma wasikar dai ita tace a 1:8 in munce bamu da zunubi rudin kanmu mukeyi

Dattijo_Ishaku:
'Ya'yana, ayoyin nan biyu mutum ɗaya ya rubuta su a wasiƙa ɗaya, bai manta da ta farko ba lokacin da yake rubuta ta biyu. Abin da na fahimta shi ne wanda aka haifa daga Allah yana iya faɗuwa amma ba ya iya shimfiɗa tabarma ya kwanta a wurin. Habila ya yi fushi ya kasa barci sai da ya nemi gafara, wannan rashin barcin shi ne alamar rai. Mutumin da Asabe ta faɗa ba zan yanke masa hukunci ba don ban san ƙarshensa ba, amma Zakka da Yesu ya shiga gidansa bai ce an gafarta mini a wuce wurin ba, cewa ya yi zai mayar ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta. Asabe 'yata, ciwonki gaskiya ne, kar kowa ya ce miki ki yi shiru da sunan ruhaniya.

Yohanna_K:
Tambaya ga masu ilimi, wanne ne ke fara zuwa, ba da gaskiya ko sabuwar haihuwa? Don in matacce ne mutum kamar yadda Ɗalibi ya ce ta yaya gawa za ta ba da gaskiya?

Ɗalibin_tauhidi:
Yohanna ka taɓo tsohuwar gardama. Mabiyan Kalbin, ɗaya daga cikin jagororin gyaran coci na ƙarni na 16, suna cewa Allah ne ke fara rayarwa sannan mutum ya gaskata, suna kawo Lidiya a Ayyukan Manzanni 16:14 da Ubangiji ya buɗe zuciyarta, da 1 Yahaya 5:1. Mabiyan Arminiyus, malamin tauhidi ɗan ƙasar Holan, da Wesli jagoran 'yan Metodis bayansu, suna cewa alheri yana riga zuwa ya ba mutum ikon amsawa amma yana iya ƙi, kuma sabuwar haihuwa tana zuwa ne ga wanda ya gaskata, suna kawo Yahaya 1:12. A kan irin wannan aka yi babban taron Dot a ƙasar Holan daga 1618 zuwa 1619, taron ya goyi bayan na farko amma gardamar ba ta mutu ba har yau.

Mama_Rifkatu:
Kun fara nisa fa, yarinya ta zo da damuwa kun kai ta Holan. Ku dawo kan tambayarta.

Dattijo_Ishaku:
Gaskiyarki Mama. 'Yata mai tambaya, ki duba mutum biyu da suka yi aiki tare. Bulus yana da rana, haske ya kāda shi a hanyar Dimashƙu ya makance kwana uku, har sau uku aka ba da labarin a Ayyukan Manzanni. Timoti kuwa ba mu da labarin wata rana tasa, abin da Bulus ya ce kawai shi ne bangaskiyar ta fara zama a cikin kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki, kuma tun yana ɗan ƙaramin yaro ya san Littattafai masu tsarki. Bulus bai taɓa ce masa kawo ranarka ba, ɗansa na gaske cikin bangaskiya ya kira shi.

Shi kansa Nikodimu fa? Ya zo da dare ya tafi ba a ce ya yi addu'ar komai ba. A sura 7 muka gan shi yana ɗan kare Yesu a majalisa da tambaya guda, suka yi masa gori. A sura 19 da almajirai suka watse shi ne ya fito tare da Yusufu na Arimatiya ɗauke da mur da aloyis mai yawa don jana'iza. Wace rana ce tasa a cikin ukun? Yahaya bai faɗa ba.

Ko masu ranar ma ba kullum abin yake a sarari ba. Jon Wesli ranar 24 ga Mayu 1738 a titin Aldasget a Landan ya ji zuciyarsa ta yi ɗumi ana karanta gabatarwar da Martin Luta, jagoran gyaran coci, ya rubuta wa wasiƙar Romawa, amma kafin nan ya yi kusan shekara 10 da zama firist har ya je aikin mishan Amurka ya dawo. Da farko ya rubuta kamar a da can bai tuba ba sam, da ya manyanta ya koma ya gyara maganar, ya ce a lokacin ma yana da bangaskiya, irin ta bawa ce dai ba ta ɗa ba. Agustin kuma, babban malamin coci na dā, a lambu a birnin Milan a shekara ta 386 ya karanta Romawa 13 zuciyarsa ta juya, aka yi masa baftisma a Ista ta 387. Dauda zai ce a lambun ne aka haife shi, Katikis zai ce a ruwan ne.

Katikis_Luka:
Shi Agustin ɗin da kansa ruwan zai ce Baba.

Mai_bishara_Dauda:
Na yarda ba dole a san rana ba, wannan mai wa'azin ya ɗora kaya da Littafi bai ɗora ba. Fita gaban bagade ma ba daɗaɗɗen abu ba ne, a ƙarni na 19 ya yaɗu ta hannun masu wa'azi irin su Finni a Amurka, ni ina yin kiran kuma na ga amfaninsa amma ba shi ne ke haifar mutum ba. Sai dai kar mu lallashi kowa ya yi barci. 2 Korantiyawa 13:5 ta ce ku gwada kanku. Akwai 'ya'yan gidan masu bi da suka gaji kujera ba su gaji bangaskiya ba, ni kaina ɗan fasto ne kuma sai da na kai shekara 24 na gane ban san Yesu ba, labarinsa kawai na sani.

Mai_neman_sani:
Na gode muku duka, na karanta kowane ɗaya har sau biyu. Daren jiya na zauna na karanta 1 Yahaya daga farko har ƙarshe ina neman inda ya ce rana ban gani ba, abin da na yi ta gani shi ne gaskata Yesu, ƙaunar 'yan'uwa, da ƙin zama cikin zunubi. Na farko ina da shi. Na biyun ne ya tsaya min a wuya don akwai wadda na yi shekara uku ba na yi mata magana kuma muna cin Jibin Ubangiji a layi ɗaya, da na kai 3:14 sai na rufe littafin na kasa ci gaba. Ban taɓa haɗa wannan da tambayata ba sai jiya. Maganar Baba Dauda ta ƙarshe ma ta taɓa ni. Baba, da ka ce labarinsa kawai ka sani, ta yaya ka gane bambancin? Me ya canja?

Habila77:
Yar'uwa kiyi hakuri da yadda na fara miki magana da farko, na auna ki da mudun kaina. Amma ki je ki sami matar nan

Mai_bishara_Dauda:
Zan amsa miki a tsanake in na dawo daga sujadar yamma, ba amsar layi biyu ba ce. Kafin nan ki karanta Romawa 8:15 da 16, ki gaya min in kin durƙusa addu'a wa kike jin kina yi wa magana.

Yohanna_K:
Ni fa har yanzu ba a amsa min tawa ba, gawa ta yaya take ba da gaskiya? Katikis ku a wajenku yaya kuke bayyana shi ga jariri da bai san komai ba?